IN FITILAR INJI TA KAMA: DARASI A KAN LAMBAR CIWON MOTA

 A wannan fitowa ina so in yi mana darasi a kan wani abu da ya shafi aljihun da yawa daga cikinmu, watau ƙaramar fitilar nan mai ruwan ɗorawa, mai siffar inji, wadda ta kan kama a allon gaban direba. Kanikawa su kan ce, "Cek ta kawo." Ni malamin sana'ar hannu ne, a Kuje na ke zaune, kuma da wuya mako ya wuce wani bai tare ni da wannan zance ba. Wani ya ce tun ran da ya sayi motarsa fitilar ke kunne, bai ga ta hana shi zuwa ko'ina ba. Wani kuwa ya ce an sake masa kaya har uku, rabin albashi ya tafi, ga fitila tana nan ba ta mutu ba. Dukansu biyu suna cikin hasara, na farko don bai kula ba, na biyu don an yi masa magani ba a san ciwon ba.

Mu mutanen Kuje abin ya fi shafarmu. Daga nan zuwa cikin birnin Abuja wajen kilomita 40 ne. Malaman da ke fita duba ɗalibai masu gwajin koyarwa su kan kai Chibiri da Gaube da Kwaku, har Rubochi, inda in mota ta tsaya maka da yamma a daji, samun bakanike sai an sha wuya. Ga shi kuma tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023, kowace lita da inji ya zubar a banza daga bakin iyali aka ɗauke ta. Saboda haka ku gyara zama, mu bi abin daki daki.

YADDA INJI KE AIKI

Kafin a san ciwo sai an san lafiya. Yawancin ƙananan motocin da mu ke hawa, irin su Toyota Corolla da Honda Civic da Volkswagen Golf, injinsu yana da silinda huɗu. Silinda rami ne kamar turmi, a cikinsa akwai fistin mai hawa da sauka kamar taɓarya. Wani Bajamushe mai suna Nikolaus Otto shi ya daidaita wannan tsari a 1876, har yau kuwa a kansa a ke. Kowace silinda aiki huɗu ta ke yi bi da bi.

Na ɗaya, shaƙa. Fistin ya sauka, bawul ya buɗe, iska da fetur su shiga.

Na biyu, matsa. Bawul ya rufe, fistin ya hau ya matse su wuri guda.

Na uku, ƙuna. Fulogi ya ba da tartsatsi, mai ya kama, ƙarfin wutar ya tura fistin ƙasa. Wannan turi shi ke juya karanshaf, watau doguwar sandar ƙarfen da ke kai ƙarfi ga giya da ƙafafu.

Na huɗu, fitarwa. Fistin ya sake hawa ya kori hayaƙi ta salansa.

To, ashe abu huɗu silinda ke bukata: iska, da mai, da wuta, da matsi, kowanne daidai gwargwado kuma a kan lokacinsa. Gwargwadon da a ke so shi ne awo 14.7 na iska ga awo 1 na fetur, bisa nauyi. Ku riƙe waɗannan huɗu da kyau, gama duk binciken da za mu yi a kansu zai tsaya.

Ga ɗan lissafi don ku ga yawan aikin. Kowace silinda sau ɗaya ta ke ba da wuta a cikin juyi biyu na karanshaf. In mota tana tsaye a silo, inji yana juyi 800 a minti, kowace silinda ta kama sau 400 ke nan, su huɗu sau 1,600. In an hau babban titi inji ya kai juyi 3,000, wuta za ta kama sau 6,000 a minti, watau sau 100 a kowace daƙiƙa.

HEDIMASTA DA MONITOCINSA

Motocin dā kafireto ke haɗa musu iska da mai, bakanike kuwa da kunne da sukundireba ya ke daidaita su. Na yanzu wata ƙaramar kwamfuta ke wannan aiki, wadda mu ke kira ƙwaƙwalwar mota. Ku ɗauke ta kamar hedimasta yana zaune a ofis. Ba ya ganin cikin kowane aji da idonsa, amma yana da monitoci masu kawo masa rahoto. Monitocin nan su ne ƙananan na'urorin da kanikawa ke kira sensa. Akwai mai auna iskar da ke shiga, akwai mai auna zafin ruwan inji, akwai mai ƙirga juyin karanshaf, akwai kuma mai sansana hayaƙi a salansa, ta faɗi ko mai ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Da waɗannan rahotanni ƙwaƙwalwa ke yanke yawan man da nozul zai fesa, da lokacin da fulogi zai ba da wuta.

In wani rahoto ya fita daga ƙa'ida, sai ƙwaƙwalwa ta rubuta shi a littafinta da wata lamba, ta kunna fitila don mai mota ya sani. Da fari kowane kamfani da irin lambobinsa da irin na'urarsa ta karantawa. A Amurka aka fara tilasta wa kamfanoni su bi tsari guda, domin rage hayaƙin da ke ɓata iska. Daga 1996 duk ƙaramar motar da za a sayar can sai tana da tsarin da a ke kira OBD-II. Ƙasashen Turai suka bi sawu a 2001 ga motocin fetur. Da ya ke motocinmu galibi na hannu ne daga waɗannan ƙasashe, waɗanda mu ke ce wa 'yan Kwatano, kusan dukansu suna da shi. In ka leƙa ƙarƙashin sitiyari za ka ga wani soket mai ramuka 16. Nan a ke soka na'urar gwaji. Akwai manya irin na gareji, akwai kuma ƙanana kamar kwalin ashana masu aika rahoto cikin wayar hannu.

YADDA A KE KARANTA LAMBA

Kowace lamba harafi ɗaya ce da alƙaluma huɗu. Mu ɗauki P0302 mu fasa ta.

Harafin farko ya nuna sashen mota. P inji da giya ke nan. B jikin mota, kamar jakar iska ta kariya. C ƙarƙashin mota, kamar birki. U kuwa wayoyin da kwamfutocin mota ke magana da juna ta cikinsu.

Alƙalami na farko, in 0 ne, lambar ta kowa da kowa ce, ma'anarta ɗaya a Toyota da Honda da Peugeot. In 1 ne, ta kamfanin ce shi kaɗai, sai a nemi littafinsa.

Alƙalami na biyu ya nuna unguwar da ciwon ya ke. 1 da 2 sha'anin mai da iska ne. 3 sha'anin wuta. 4 na'urorin tace hayaƙi. 5 gudu da silo. 6 ita ƙwaƙwalwar kanta. 7 da 8 giya.

Biyun ƙarshe su ne ainihin laifin. A P0302, silinda ta biyu ce ba ta kama wuta yadda ya kamata. P0301 ta ɗaya, P0303 ta uku, P0304 ta huɗu. P0300 kuwa tana nufin abin ya shafi silinda fiye da ɗaya, ko kuma yana yawo, yau nan gobe can. A yawancin injuna masu silinda huɗu, daga gefen da bel ya ke a ke fara ƙirga ta ɗaya.

Wannan ciwo shi kanikawa ke kira misin. Na zaɓe shi ne don yana cikin waɗanda na fi gani a motocin jama'armu, kuma shi ya fi jawo ɓarna in an ƙyale shi.

Yaya ƙwaƙwalwa ke gane shi? Kowace wuta da ta kama ta kan ɗan ƙara wa karanshaf sauri. In silinda ta yi fashi, sai juyin ya ɗan yi sanyi daidai wannan lokaci, sensa mai ƙirga juyi ta kai rahoto. Kamar kiran rajista ne. Malami ya kira ɗaya, uku, huɗu, biyu, gama haka su ke bin juna wajen ba da wuta, kowa ya amsa sai na biyu ya yi shiru. Sai a sa masa alamar fashi.

Amma fa ku lura da wannan, don shi ne zuciyar darasin. Rajista ta kan nuna wanda bai zo ba, ba ta faɗin abin da ya hana shi. Ko zazzaɓi ne, ko rafi ne ya cika, ko tsoron bulala ne, sai malami ya bincika. Haka lambar mota ta ke. P0302 ba ta ce a sayi fulogi ba, ba ta ce a sayi kwayil ba. Ta ce dai a je silinda ta biyu a duba.

ALAMUN DA DIREBA ZAI JI

Tun kafin a kawo na'ura, mota ta kan faɗi ciwonta ga mai kula. Ga abin da za a lura da shi:

1. Karkarwa in mota tana tsaye a silo, har sitiyari da kujera su riƙa rawa.
2. Fizga in an taka totur, musamman a hawa ko in mota ta ɗauki kaya.
3. Rashin ƙarfi. In silinda ɗaya cikin huɗu ta mutu, fiye da rubu'in ƙarfin inji ya tafi, gama sauran ukun su ke jan ta.
4. Shan mai fiye da yadda aka saba.
5. Warin ɗanyen fetur daga salansa, wani lokaci da ƙara fat fat.
6. Wuyar tashi da safe.

Fitilar kanta iri biyu ta ke magana. In ta kama ta tsaya cik, kuma mota tana tafiya lafiya, kana iya ƙarasa tafiyarka a hankali ka kai ta gwaji cikin 'yan kwanaki. In kuwa tana ƙyaftawa, kama ta mutu kama ta mutu, to, wannan gargaɗi ne mai tsanani. Ɗaga ƙafa daga totur, ka nemi wuri mai aminci ka tsaya. Dalili shi ne man da bai ƙone a silinda ba yana zuwa ya ƙone a cikin katalis, watau tukunyar nan ta salansa mai saƙa kamar gidan zuma, wadda kanikawa ke kira indomi. Zafi ya kan yi yawa har saƙar ta narke ta toshe hanyar hayaƙi. Katalis kuwa da tsada, don akwai ƙarafa masu daraja a cikinta, irin su filatinum. Har wa yau ɗanyen man ya kan wanke baƙin mai daga bangon silinda, ringi ya riƙa cin bango. Ciwon da kuɗin fulogi zai warkar sai ya koma na sauke inji.

DALILAN CIWON

Mu koma kan abubuwan nan huɗu.

Wuta. Ita ce ta fi yawan kawo misin. Fulogi ya kan cinye, bakinsa ya buɗe har tartsatsi ya kasa tsallakawa. Fulogi na gama gari ya kan yi wajen kilomita 30,000, mai bakin iridiyum ya kan wuce 100,000, amma jabu ya cika kasuwa, an rubuta masa suna mai kyau ga shi ba ya kai ko'ina. Araha ba ta ado. Sai kwayil, wanda ke ɗaga wutar batir daga bolt 12 zuwa dubbai masu yawa. Zafi da tsufa su kan tsaga shi. Ruwa ma ya kan shiga ramin fulogi in an wanke inji da famfo mai ƙarfi, ko an faɗa kududdufi da damina.

Mai. Nozul ya kan toshe da dauɗa. Famfon mai ya kan gaji, ya fi saurin gajiya kuwa a motar da kullum tankinta a ƙasa ya ke, don man da ya ke ciki shi ke sanyaya shi. Ga kuma gurɓataccen mai. Na 'yan bumburutu a galan ba ka san abin da aka gauraya masa ba. A watan Fabrairu na 2022 hukuma da kanta ta ba da sanarwa cewa an shigo da fetur mai sinadarin metanol fiye da ƙima, aka janye shi daga kasuwa, aka yi ta dogon layi a gidajen mai na Abuja da Ikko. Saboda haka in misin ya fara jim kaɗan bayan shan mai, a fara zargin man.

Iska. In robar da ke kai iska ga inji ta tsage, iskar da ba a auna ba za ta shiga, mai ya yi mata kaɗan. Ƙurar hunturu da ta hanyoyin ƙauye ta kan toshe matatar iska, ta kuma rufe siririyar wayar da ke cikin sensa mai auna iska, sai ta riƙa kai rahoton ƙarya.

Matsi. In bawul ya ƙone, ko ringi ya cinye, ko gaskit na tof silinda ya ƙone bayan inji ya yi zafi, silinda ba za ta matse ba. Wannan shi ne mafi tsada, amma shi ne mafi ƙaranci.

A kan waɗannan sai a ƙara waya. Ɓera ya kan shiga ƙarƙashin murfin inji ya ci waya, musamman motar da ke kwana kusa da rumbu, ko wadda a ke ɗauko hatsi da ita daga gona.

TSARIN BINCIKE

Ga yadda na ke koya wa ɗalibaina su bi. Ƙa'idar ita ce a fara da mai sauƙi da araha, a gwada kafin a saya, kuma a taɓa abu ɗaya a lokaci ɗaya.

Da fari a tambayi mai mota. Yaushe abin ya fara? Da sanyin safiya ya ke yi ko sai inji ya yi zafi? A ina aka sha mai? An wanke inji? Wane gyara aka yi kwanan nan? Matambayi ba ya ɓata.

Na biyu, a karanta lambobi duka a rubuta a takarda kafin a goge kome. Ƙwaƙwalwa ta kan ajiye bayanin halin da inji ke ciki sa'ad da laifin ya faru, watau gudun mota da juyin inji da zafin ruwa. A rubuta wannan ma.

Na uku, a buɗe murfin inji a duba da ido: waya, da soket, da roba, da matatar iska. A auna batir. Lafiyayye ya kan nuna bolt 12.6 in inji a kashe, in kuwa yana aiki tsakanin 13.5 da 14.5.

Na huɗu, a yi tunani a kan lambar. In silinda ɗaya ce, a nemi abin da ya ke nata ita kaɗai: fuloginta, kwayil ɗinta, nozul ɗinta, matsinta. In P0300 ce, a nemi abin da su ke tarayya a kai: man da ke tanki, famfon mai, robar iska, sensa mai auna iska. In yaro ɗaya ya faɗi jarrabawa a duba yaron, in aji duka ya faɗi a duba koyarwar.

Na biyar, musaya. Wannan dabara ba ta cin ko kwabo, bari in ba ku misalinta.

Wani abokin aikinmu ya kawo mini Corolla ƙirar 2005. Ya ce a kan hanyar Gwagwalada ta fara fizga, fitila tana ƙyaftawa, ya lallaɓo da ita gida. An riga an gaya masa wai nozul ne duka huɗu, a sayi sababbi. Muka soka na'ura, ta nuna P0302 ita kaɗai. Na ce masa, "Malam, in da nozul huɗu ne suka lalace, ai da ba silinda ɗaya za ta yi ƙara ba." Irin wannan mota kowace silinda da kwayil ɗinta. Muka kashe inji, muka cire kwayil na biyu muka kai shi silinda ta huɗu, na huɗu muka kawo shi ta biyu. Muka goge lamba, muka zaga da motar. Da muka sake karantawa sai ga P0304. Ciwo ya bi kwayil ya koma sabon gida, ɓarawo ya kama kansa. Da lambar ta tsaya a P0302, da sai mu musanya fulogi. In ta tsaya har yanzu, sai nozul. In duk an yi ba ta motsa ba, sai a auna matsi.

Amma ba mu tsaya nan ba, gama ruwa ba ya tsami banza. Me ya kashe kwayil? Da muka haska tocila cikin ramin fulogi na biyu sai muka ga baƙin mai ya taru. Robar da ke tare mai a murfin saman inji ce ta bushe tana yoyo, man ya jiƙa ƙafar kwayil har ta lalace. Da mun sa sabon kwayil mun tafi, da bayan 'yan watanni ya bi ɗan'uwansa. Aka sake robar, da kwayil ɗaya, da fulogi huɗu don sun tsufa. Nozul ɗin nan huɗu suna nan suna aiki.

Fulogin da aka cire ma shaida ne, kada a yar kafin a duba bakinsa. In ruwan ƙasa ne mai haske, silinda lafiya. In baƙi ne busasshe kamar gawayi, mai ya yi yawa. In baƙi ne mai maiƙo, baƙin mai yana hawowa. In fari fat ne kamar ya ƙone, mai ya yi kaɗan ko zafi ya yi yawa. In kuwa ɗaya ya fita tas kamar an wanke shi, ga ruwan lagireto yana raguwa ba a ga inda ya ke zuba ba, ga farin hayaƙi a salansa, to, a zargi gaskit.

Wajen auna matsi, abin dubawa shi ne silinda huɗun su yi kusa da juna. In ɗaya ta gaza sauran da fiye da kashi 15 cikin 100, akwai magana. A ɗiga mata ɗan baƙin mai a sake aunawa. In matsi ya ƙaru, ringi ne. In bai ƙaru ba, bawul ne ko gaskit.

LAMBOBIN DA KAN ZO TARE

Sau da yawa lamba ba ta zuwa ita kaɗai, kuma abokiyar tafiyarta ita ke nuna hanya.

P0171, iska ta fi mai yawa. In ta zo tare da P0300, a nemi tsagaggiyar roba, ko dauɗa a sensar iska, ko famfon mai da ya gaji.

P0172, mai ya fi iska yawa. A duba matatar iska da nozul mai yoyo.

P0335, laifi a layin sensa mai ƙirga juyin karanshaf. Mota ta kan mutu tana cikin tafiya, ko ta ƙi tashi.

P0420, katalis ba ta tace hayaƙi yadda ya kamata. Sau da yawa misin da aka ƙyale ne ya kashe ta, ko kuma an cire ta.

P0128, inji ba ya kai zafin da ya kamata. A ƙasarmu an saba cire tamostat wai don muna ƙasar zafi. Injin da bai yi ɗumi ba kuwa ƙwaƙwalwa ta kan ƙara masa mai, fulogi ya yi baƙi, aljihu ya yi fari.

GARGAƊI

Goge lamba ba gyara ba ne. Wanda ya cire kan batir don fitila ta mutu ya kashe maciji bai sare kansa ba, kuma ya yaga shafin da bakanike zai karanta. In an gyara ciwon da gaske, fitila ta kan mutu da kanta bayan tafiya uku lafiya a jere.

In za ka sayi mota ta hannu, murɗa makulli kada ka tayar. Lalle fitilar inji ta kama tare da sauran, sa'an nan ta mutu bayan inji ya tashi. In ba ta kama ba sam, wataƙila an cire ƙwanta ko an rufe ta. Ka sa a soka na'ura kuma. In an goge lambobi kwanan nan, na'ura za ta nuna ƙwaƙwalwa ba ta gama gwaje-gwajenta ba tukuna.

In ka kai mota gareji, ko nan Kuje ko Apo, ka tsaya a karanta lambar a gabanka, ka rubuta ta. Ka tambayi bakanike da ladabi, "Maigida, wane gwaji ya nuna wannan kayan ne ya lalace?" Bakanike na ƙwarai ba ya jin haushin wannan tambaya. Ka karɓi tsohon kayan da aka cire. Ka kuma sa ido a kan katalis ɗinka, don akwai masu sayenta.

Ku kiyaye lafiyarku. Kada a taɓa kwayil inji yana aiki. Kada a buɗe lagireto yana da zafi. Kada a bar inji yana aiki a rufaffen ɗaki, gama a hayaƙinsa akwai guba marar wari mai kashe mutum.

ABIN DA MALAMI ZAI KAI AJI

Ɗalibai, ko wanda ba shi da keke a cikinku yana da rabo a wannan darasi. Hanyar da muka bi ita ce hanyar kimiyya da za ku koya wa yara: a lura, a tambaya, a yi zato, a gwada zaton ta sauya abu ɗaya tak, sa'an nan a yanke hukunci. Kuna iya nuna musu musaya da tocila biyu, ɗaya mai kamawa ɗaya marar kamawa. Su musanya batir, su musanya ƙwai, har su gano mai laifi da kansu. Jan biro a littafin yaro ma lamba ce irin ta mota. In yaro ya rubuta cewa 42 a ɗebe 17 saura 35, kada ku tsaya ga sa masa kuros. Ku duba, za ku ga ya ɗebe 2 daga 7 ne don bai iya aro ba. Aron za ku koya masa.

TAMBAYOYI

1. Faɗi abubuwa huɗu da silinda ke bukata kafin ta ba da ƙarfi.
2. Fasa lambar P0303, ka faɗi ma'anar kowane sashe nata.
3. Inji mai silinda huɗu yana juyi 2,400 a minti. Sau nawa wuta ke kamawa a daƙiƙa ɗaya?
4. Mota ta nuna P0301. An musanya kwayil na ɗaya da na uku, lamba ba ta sauya ba. Mene ne mataki na gaba?
5. Mota ta nuna P0300 da P0171 tare. Don me ba za a fara da sayen kwayil ba?
6. Mene ne bambancin fitilar da ta tsaya cik da mai ƙyaftawa?

Ku rubuta amsoshinku ku kawo mini ɗakin sana'a. Wanda kuma ke so ya ga na'urar da idonsa, ya zo ran da ba ni da aji, mu soka ta a mota ya karanta da kansa, gama gani ya kori ji.